Baba Maharazu da Wasiƙar da Ba Ta da Suna

Idan ka biyo layinmu na Gindin Ɗinya a Dutse da misalin ƙarfe bakwai na safe, kafin mai shayi ya kwashe bencinansa, za ka tarar da wani tsoho siriri yana yayyafa ruwa a ƙofar kanti. Shi ne Malam Maharazu, shekararsa saba'in da uku, mu dai Baba muke ce masa. In ya gama shara sai ya goge jan akwatin ƙarfen da ke kafe a bangon kantin, ya sa makulli ya buɗe, ya zura hannu har gwiwar hannu ya laluba. Yawanci ba komai a ciki sai ledar alawa da yara suka cusa. Ya rufe, ya shiga ciki ya jera gishiri da kanwa da ashana da sabulu. Ranar Litinin kuwa ko ana ruwa sai ya hau a-daidaita-sahu zuwa babban gidan waya, ya tambaya ko akwai na unguwarmu, ya dawo da jakarsa a hammata, sau da yawa yadda ya tafi da ita.

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye makulli. Idanunsa sun yi yana, gwiwa ta ƙi, 'ya'yansa kuma sun gaji da roƙo. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To Baba ya shekara arba'in yana wakilcin gidan waya a layin nan, har da ɗoriyar ɗaya, saboda haka yabo ya halatta. Ni ne Saifuddeen, mai shagon cajin waya da hoton takardu da ke manne da nasa, kuma gara in faɗi laifina da bakina kafin wani ya faɗa mini: duk layin nan ba wanda ya kai ni yi wa tsohon nan dariya. Ni na sa wa akwatinsa suna ɗakin ƙadangaru. Ni ne nakan leƙa in ce, "Baba, yau wasiƙa nawa gwamna ya aiko?" Sai ya ce, "Saifu, je ka kula da wayoyin mutane kada su ƙone."

Yaran yanzu ba su san yadda layin yake ba. A shekarar 1983, lokacin da aka ba Baba izinin karɓar wasiƙu da sayar da kan sarki a kantin mahaifinsa, shago uku ne kacal a nan: nasu, da na wani tela, da na mai gyaran rediyo. Bayan su sai gonakin gero har gindin duwatsu. Mutanen ƙauye da Fulanin rugage su ne masu ciniki, kuma su ne masu wasiƙa, domin kowane gida akwai wanda ya tafi Kurmi ko Legas ko aikin soja. Mai son aika saƙo ya zauna a benci ya faɗa, Baba ya rubuta, da boko ko da ajami, yadda mai karɓa zai iya karantawa. Wasu kaset suke kawowa da muryarsu a ciki, ya naɗe musu a takarda ya ɗora a sikeli. Mahaifiyata ta ce in wasiƙar rasuwa ce, Baba ba ya karanta ta a kanti. Rufe shago yake ya bi mutum har gida, ya sa a kira manya, sannan ya buɗe baki.

Da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata suka kwararo daga Kano da iyalansu a baya, layin ya cika kamar an yi busa. Aka buɗe kemis, aka buɗe gidan abinci, wani ya kawo keken buga takardu. A lokacin sai a kawo wa Baba buhu guda a rana. Takardar shiga makaranta, takardar ɗaukar aiki, hoton jariri, wasiƙar neman aure da aka fesa wa turare, duk ta hannunsa suka bi. Akwai babban ma'aikaci a garin nan da har gobe yake tsayar da mota ya durƙusa ya gaishe shi, saboda takardar kiransa ganawar aiki ta iso ana saura kwana ɗaya, Baba ya hau keke ya bi shi har gona a Kiyawa.

Daga nan wayar salula ta zo, wasiƙa ta fara ja da baya. Buhu ya koma jaka, jaka ta koma 'yan ƙwarori. Tela ya tashi, mai rediyo ya rasu, shagunansu suka zama na masu sayar da kati da irina masu caji. Sauran wakilan gidan waya da ke unguwanni duk suka cire akwatunansu suka sayar wa 'yan gwangwan. Baba kaɗai ya ƙi. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Na ba mutane adireshin nan." Mu kuma muna ganin taurin kai ne irin na tsufa.

Akwai abu biyu a yadda yake aiki da sai bara na gane nauyinsu. Na farko, duk matafiyin da ya tsaya sayen guzuri a kantinsa, sai Baba ya yagi kwali ya rubuta masa adireshin kanti, ya ce ya sa a laya ko a aljihu, ko da rana za ta ɓaci. Na biyu shi ne wani tsohon littafi da muke kira littafin kunnuwa. Wasiƙar rajista ba a ba da ita sai mai karɓa ya sa hannu, Fulanin daji kuwa tun zamanin jangali ba sa son a shafa musu tawada a babban yatsa. Sai Baba ya ce da su, to kowa ya zana masa shaidar kunnen shanun gidansu, wato irin tsagar da suke yi wa maraƙi don a san na wane ne. Bafulatani ba ya ƙaryar wannan. Da haka littafin ya cika da kunnuwan shanu, kowane da sunan ruga a gefensa.

Yanzu bari in kawo ku kan Inna Iyatu. Bafulatana ce mai tallar nono, rugarsu tana bayan duwatsu ta hanyar Kiyawa, kuma duk ranar Alhamis takan sauke ƙwaryarta a ƙofar Baba. Ɗanta na fari, wanda ake kira Dikko, ya kora shanun mahaifinsa gabas shekara goma sha shida da suka wuce, ya bi ayarin makiyaya ya ƙetare iyaka. Shekara biyun farko ana jin labarinsa a bakin fatake. Daga baya faɗa ya tashi a ƙasar da suke, labari ya yanke. Mahaifinsa, Jauro Sani, ya rasu bai ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Wanda bai zauna da Fulani ba ba zai gane irin halin da matar nan ta shiga ba. A wurinsu uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ba ta tambayar ina yake. Kunya ce, kuma ita ce mutuncinta. Don haka shekara goma sha shida Inna Iyatu ba ta taɓa buɗe baki ta ce ina ɗana ba. Takan dai sayi gishirinta, ta ɗan jima tana gyara bakin zane, sannan ta ce, "Malam, ba abin da ya zo?" Baba ya ce, "Ba tukuna, Inna." Ta ce, "To." Ta ɗauki ƙwarya. Na sha jin wannan ta bango, a zatona saƙon kanwa take jira.

Bara da kaka wani falken shanu ya sauka a rugarsu ya ce ya ji an ce Dikko yana cikin waɗanda aka kashe. Bai ga gawa ba, bai ga wanda ya gani ba, ji ya yi. Ƙanin marigayi Jauro Sani, wato Jauro Abdurrahman, wanda yake riƙe da gidan, ya ce abin ya isa haka. Mutumin kirki ne, ba mugunta ta sa shi ba, tausayin yaron ne da ba a yi masa ko sadakar uku ba. Ya sa ranar Juma'a bayan an gama yankan gero: za a shimfiɗa tabarmi, a karɓi gaisuwa, a yi addu'a, a raba 'yan shanun da suka rage da sunansa. Aka aika wa dangi. Inna Iyatu ba ta yarda ɗanta ya mutu ba, amma ba ta da bakin cewa a'a. In ta yi magana an ce tana rawar kai a kan ɗan fari. In ta yi shiru kuma ranar Juma'a ta zauna a tabarma, mutane suna ce mata Allah ya jiƙansa tana cewa amin, shi ke nan ta binne shi da bakinta.

Ranar Litinin ta makon, Baba ya dawo daga gidan waya bai shiga kantinsa ba, nawa ya shigo. Ya ajiye mini wani ambulan da ya sha hannu, kan sarkinsa na Kamaru.

"Saifu, idona ba ya gani sosai. Karanta mini bayan nan."

Na karanta. An rubuta da boko, rubutun wanda bai saba da sunayenmu ba: Inna, ta hannun Maharazu mai kanti, Gindin Ɗinya, Dutse. Ba sunan mai aikowa. A ƙasa an zana kunnen saniya da biro, tsaga biyu a sama, ɗaya a gefe.

Na ce, "Baba, wace Inna? Duk mai tallar nono a garin nan Inna ce."

"Ɗa ne ya rubuto wa uwarsa. Ba zai iya kama sunanta ba."

Kun ji fa. Ita ba za ta kira sunansa ba, shi ba zai kira nata ba, an bar ma'aikacin gidan waya da wasiƙar da ba ta da suna gaba da baya. Na ce abu mai sauƙi ne, a buɗe a gani. Har na miƙa hannu zan ɗauko reza. Baba ya dafe ambulan ɗin da tafinsa.

"Shekara arba'in ban buɗe wasiƙar da mai ita ba ya wurin ba. Ba zan fara a kan ta wannan ba."

Muka ɗauko littafin kunnuwa, gara ta ci gefensa, muka bi shi shafi-shafi ina gani yana tunawa. Muka sami shaidar har wuri uku, domin 'yan kaka ɗaya ne suka rarrabu: ruga ɗaya a ƙasar Miga, ɗaya wajen Gantsa a ƙasar Buji, ta ukun kuwa rugar Jauro Sani. A nan ne Baba ya gaya mini abin da Inna Iyatu take tambaya duk Alhamis, da abin da za a yi ranar Juma'a. Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "To ai tata ce. A kai mata yau."

"In tata ce. Duk gidajen nan uku na ba 'ya'yansu kwali. In na ɗora mata wannan a hannu, aka buɗe aka tarar ɗan wata ne, na kashe mata shi ranar Litinin, dangi su sake kashe shi ranar Juma'a. Ba za ta ɗauka ba."

"To yaya za a yi?"

"Babur ɗinka yana da lafiya?"

Washegari na goya tsoho mai ciwon gwiwa muka bi ta Kiyawa da Jahun muka nufi Miga. Ina tuƙi ina mita, shi kuwa yana riƙe da kafaɗata yana nuna mini garuruwan da ya taɓa kai wasiƙa. Da muka bar kwalta muka shiga yashi, sau biyu muna sauka ina tura babur yana bin bayana da sanda. Da muka isa rugar bai ambaci wasiƙa ba ko kusa. Ya ce gaisuwa ya zo yi wa tsofaffin abokan ciniki. Aka shimfiɗa buzu, aka kawo fura, aka tambayi gida da gajiya da shanu, aka sake tambaya. Ni duk na ƙosa. Sai can, kamar abin ya faɗo masa ne, ya ce wa maigidan, "Yara duk suna kusa, ko akwai wanda ya yi nisa?" Maigidan ya ce ɗaya yana Legas yana gadi, kuma jiya ma ya bugo. Baba ya sa albarka, muka tashi.

Ranar Laraba muka yi Buji. Ƙafarsa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, 'yarsa Huseina ta tare ƙofa ta ce ba inda za shi. Ya ce mata, "Uwata, in na zauna yau, gobe ban san abin da zan ce wa baiwar Allah ba." Ta matsa. A can ma haka aka yi, gaisuwa mai tsawo, tambaya ɗaya a ƙarshe. Suna da ɗa da ya taɓa zuwa Kamaru, amma ashe ya dawo shekara huɗu da suka wuce, ga shi ma can yana shayar da maruƙa. A hanyar dawowa Baba bai nuna mini gari ko ɗaya ba, salati kawai nake ji a bayana.

Baba, kai ne ka hau babur kwana biyu da kumburarriyar ƙafa don kada ka sa tsohuwa murnar da za a ƙwace mata. Ni da nake da ƙuruciya da wayoyi cike da shago, reza na ɗauko. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ni ne yaron, da gemuna.

Ranar Alhamis da hantsi Inna Iyatu ta sauke ƙwarya. Ta rame, ta sayi gishiri mai yawa saboda girkin gobe. Ba ta yi tambayar da ta saba ba, ta juya za ta fita. Baba ya sallami mutum biyun da ke kantin, ya ce ni in tsaya, sannan ya ce, "Inna, ɗan dakata." Ya ajiye ambulan ɗin a kan kantar shagon, zanen yana sama.

"Ko kin san kunnen nan?"

Ta sunkuya ta duba. "Na gidanmu ne."

"Gida uku ke da shi. Na je biyu."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta sa ɗan yatsa a kan wani ɗan karce a ƙasan kunnen, wanda ni da Baba muka ɗauka biro ne ya zame. Ta ce, "Wannan ba tsaga ba ce, ƙaya ce ta yage ta. Saniyar suna ce." Wato saniyar da aka ba jaririn ranar da aka raɗa masa suna. Ba ta faɗi wane jariri ba. Ta zauna a ƙasa, ba a benci ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Karanta, Malam."

Da ajami aka rubuta cikin. Baba ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman rubutu, ya karanta a hankali. Ba ta da tsawo. Ya gaida Inna, ya gaida Baffa, wato mahaifinsa. Ya ce yana raye. Ya ce shanun duk sun tafi a faɗan, bai tsira da ko maraƙi ba, kuma kunyar haɗa ido da mahaifinsa ce ta hana shi dawowa ko aikowa. Ya ce yana kiwon shanun wani a wani ƙauye a Kamaru, ya yi jinya mai tsanani bana har ya fid da rai, da ya tashi ya buɗe layarsa ya ciro kwalin. Ya roƙi gafara. A ƙarshe ga lambar wayar malamin makarantar da ya rubuta masa bayan ambulan.

Inna Iyatu ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi," sau ɗaya, a hankali. Amma na ga yatsun ƙafarta sun ƙanƙame ƙasa. Ni kam na juya musu baya na shiga gyaran kwalayen ashana da ba su nemi gyara ba.

Na buga lambar. Malamin ya ɗauka, muka yi ta fama shi da Faransanci ni da Hausa, har Baba ya karɓa ya yi masa 'yar Fulatancinsa. Ya ce a ba shi rabin awa. Ban taɓa ganin rabin awa mai tsawon wannan ba. Da wayar ta yi ƙara na sa ta a bayyane na ajiye a kan kantar, sai muka ji muryar namiji, a dushe, ya ce, "Inna?"

Ta kau da kai ta kalli bango. Ta ce, "Malam, tambayi mai wasiƙar nan. Saniya ce ta haife shi, da zai ƙi gida saboda shanu?"

Can ɓangaren muka ji ya fashe da kuka. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya kira shi da sunansa na yanka, Mika'ilu, wanda ni ban taɓa sani ba. Ya ce masa, "Sai haƙuri. Jauro Sani ya riga mu gidan gaskiya shekara shida ke nan. Bai tafi da fushinka ba, ni shaida ne, a bencin nan yake zama." Sai muka ji salati. Daga nan Baba ya kama hannuna ya ja ni waje, ya jawo ƙofar kantin ya rufe ta a kanta ita kaɗai da wayar. Ya zauna a dakali da sandarsa. Duk wanda ya zo sayen sabulu ya ce masa ya dawo an jima. Abin da uwa da ɗa suka faɗa a ciki ba wanda ya sani, kuma ban tambaya ba.

Saura Jauro Abdurrahman, domin ita ba za ta iya kai wannan labari da bakinta ba. Bayan azahar na sake goya Baba muka je rugar. Mun tarar an jibge itace, an aro tukwane, tabarmi suna jingine a jikin bukka a naɗe. Baba ya keɓe da Jauro a gindin bishiya ya karanta masa wasiƙar, na buga waya ya ji muryar ɗan wansa da kunnensa. Dattijon ya cire malafarsa ya ajiye, ya dafe kai. Ya ce, "Malam, saura kwana ɗaya in zauna karɓar gaisuwar mai rai. Ka fid da ni." Ba a iya tsayar da dangi ba, don wasu sun riga sun kamo hanya. Suka zo ranar Juma'a da fuskar ta'aziyya, aka tare su tun daga nesa da albishir, aka ci shinkafar da aka tanada ana barka.

Dikko ya iso bayan mako bakwai, a motar fatake, da 'yar jaka ɗaya da furfura a gemu. A ƙofar Baba ya fara sauka, don ya ce hanyar ruga ta rikice masa saboda gine-gine. Yanzu yana noma da kiwon 'yan shanun da aka so rabawa, kuma an fara maganar aurensa.

Na san akwai masu cewa wasiƙa ɗaya ce a shekara nawa, ina amfanin ɓata Litinin ɗari-ɗari saboda ita? Na taɓa zama cikinsu, saboda haka ba zan zage su ba. Su je dai su faɗa wa Inna Iyatu.

Baba Maharazu, kai ne ka riƙe adireshi bayan duk garin ya daina rubutu, saboda ka san akwai wanda ba shi da wani. Kai ne marubucin marasa alƙalami. Ka san kunyar mutane ka yi aiki da ita, ba ka taɓa tilasta wa uwa ta faɗi abin da bakinta ba zai iya ba. Ba a ba ka lambar yabo ba, ba a sa sunanka a titi ba, mu maƙwabtanka ma dariya muka biya ka da ita. Ka yafe mana. Mun gode, Allah ya ba idanunka lafiya, ya sa hutun nan ya yi maka daɗi, ya saka maka da abin da ya fi ƙarfinmu.

Mu kuma da muka gaji layin, masu caji da masu kemis da masu sayar da kati, kullum sirrin mutane yana bi ta hannunmu. Tsohuwa ta miƙo waya ta ce duba mini wane ne ya kira, magidanci ya kawo takardar asibiti a yi masa hoto. Mu riƙe su yadda tsohon nan ya riƙe. Kada mu buɗe abin da ba namu ba, kada mu yi gaggawar kai labarin da ba mu tabbatar ba, kuma in mun ce wa mutum zai same mu a wuri kaza, ya zo ya same mu. Huseina za ta ci gaba da kantin, ni kuma na karɓi zuwa gidan waya, duk mai son yi mini dariya layi a buɗe yake.

Kafin in rubuta wannan na je ruga na sami Inna Iyatu tana burga nono, Dikko yana can nesa yana gyara turke. Na ce mata zan yi wa Malam godiya a takarda, mutane da yawa za su karanta, ko tana da abin da za a sa? Ta ce ita ba ta san maganar takarda ba. Na yi sallama, har na tada babur, sai ta ɗaga hannu na kashe.

"Ka rubuta masa," in ji ta, ba ta ɗago kai ba, "a gidana ba a yi zaman makoki ba."

To Baba, na rubuta.